Aji mai yara 20 a Niyok: riba muka ci ko faɗuwa muka yi?

Maman Hanifa (Bronx):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun da aka koma makaranta, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da malamai a cikinmu. Hanifa tana aji biyu a makarantar gwamnati nan Bronx, cikin birnin Niyok. Bara su 27 ne a aji, bana su 20 cif, saboda dokar nan da jihar Niyok ta kafa a 2022. Dokar ta ce daga ajin share fage zuwa aji uku kada a wuce yara 20, aji huɗu zuwa takwas 23, babbar sakandare 25, kuma a hankali za a bi har a kammala a 2028.

Da na ji, har hamdala na yi. To amma da aka buɗe makaranta sai na tarar da abu biyu. Malamar aji biyu da ta koyar da yayanta Mubarak, wadda ta fi shekara goma a makarantar kuma kowace uwa ke addu'ar ɗanta ya faɗa hannunta, ta koma wata makaranta a Queens kusa da gidanta, don an buɗe sababbin gurabe a can. Wadda aka kawo mana yarinya ce, bana ta fara aiki. Na biyu, ɗakin da suke koyon zane an mayar da shi aji, malamin zanen yanzu a ɗan amalanke yake tura kayansa daga wannan aji zuwa wancan.

Don Allah masana ku gaya mini: riba muka ci ko faɗuwa muka yi?

Malam Habu Tsohon Hedimasta (Kano):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki yafe mini, sai da na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Yara 20? Ai wannan a wurinmu layi biyu ne na gaban allo. Ajin ƙarshe da na riƙe kafin a ba ni ofis, suna 117 ne a rajista. Kafin in gama kiran suna rabin darasi ya tafi, sai na koma kiran suna ranar Litinin da Alhamis kawai, Allah Ya yafe mana. A takarda kuwa, tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ki gode wa Allah, ki bar wannan ƙorafi.

Maman Hanifa (Bronx):
Baba, godiya kam kullum cikinta muke. Amma ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hanifa ba da yaran Kano za ta yi takarar shiga jami'a ba, da yaran Manhattan za ta yi, waɗanda iyayensu ke biya musu lesin da kuɗin da ya fi hayar gidana.

Malam Habu Tsohon Hedimasta (Kano):
Kin yi gaskiya 'yata. Na janye dariyar, amma rabinta kawai.

Abba Ɗan Jami'a:
Baba ya ce rabi kawai, hhhh. Ina Malam Jibrin? Wannan fagensa ne.

Malam Jibrin (Tenesi):
Ga ni, yanzu na fito daga aji. Maman Hanifa, tambayarki tana da amsa, sai dai amsar mai ƙafa biyu ce, kuma ke kin riga kin taka duka biyun ba tare da kin sani ba.

Ƙafar farko daga nan jihar da nake zaune ta fito. Daga 1985 zuwa 1989, zamanin da aka fara shi Lamar Alexander ne gwamna, Tenesi ta yi wani gwaji da ake kira STAR. Makarantu 79, yara wajen 11,600, daga ajin share fage zuwa aji uku. Abin da ya sa har yau ake ambatonsa shi ne ba hedimasta ne ya zaɓi wanda zai shiga wane aji ba, ƙuri'a aka jefa, ga yara da malamai duka. Kashi uku aka yi: ƙaramin aji mai yara 13 zuwa 17, aji na yau da kullum mai 22 zuwa 25, sai irin wannan na biyun amma da mataimakiyar malama a ciki. Tunda ƙuri'a ce ta raba, ba wanda zai ce ai 'ya'yan masu hali aka tara wuri ɗaya.

Yaran ƙananan azuzuwa sun fi a karatu da lissafi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, amfanin da yara baƙar fata suka samu ya kai kusan ninki biyu na wanda farare suka samu, haka ma 'ya'yan talakawa sun fi cin moriya. Wato ba kowa kawai aka ɗaga ba, na baya ya fi matsowa. Da aka bi sawun yaran bayan sun girma, an tarar sun fi zuwa zana jarrabawar shiga jami'a, sun kuma fi shiga jami'ar. Ita kuwa mataimakiyar malama, wadda aka yi zaton za ta zama hanya mai araha, ba ta canza komai sosai ba.

To wannan ita ce hujjar masu dokarku ta Niyok, kuma hujja ce mai ƙarfi. Bari in sha ruwa in kawo ƙafa ta biyu.

Anti Rabi (Kaduna):
Malam kafin ka dawo, ni wannan ko ba gwaji na sani. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Alhaji Ɗanliti (Bronx):
Ni ba malami ba ne, tasi nake ja shekara 22 a garin nan, amma na san lissafin kuɗi. Ofishin da ke bin diddigin kasafin birni mai zaman kansa ya ce dokar za ta buƙaci ƙarin malamai wajen 17,700, da dala biliyan 1.6 zuwa 1.9 duk shekara, ban da kuɗin gina sababbin azuzuwa. Eric Adams da yake magajin gari a lokacin ya yi ta kukan cewa an ɗora masa kaya ba a ba shi gammo ba, amma Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu. Wa zai biya? Mu ne. Mai gida ya ƙara haya, birni ya ƙara tara. Ni a zamanina a Kumasi mun fi sittin a aji, ga shi na iya karatu da rubutu da Turancin da nake faɗa da 'yan sanda da shi.

Abba Ɗan Jami'a:
Alhaji, cikin ku sittin ɗin nawa ne suka iya? Kai da ka iya kai ne ke nan kana ba mu labari. Sauran ba sa cikin zauren nan balle su yi magana.

Alhaji Ɗanliti (Bronx):
Yaron nan bakinka da kaifi. Amma ka samu ni. In na ƙirga waɗanda muka gama tare suna iya karanta wasiƙa, ba za su wuce ashirin ba.

Malam Jibrin (Tenesi):
Ƙafa ta biyu tana Kalifoniya. A 1996 Gwamna Pete Wilson ya ga sakamakon Tenesi, kuɗi kuma sun shigo wa jihar, sai aka ce duk gundumar ilimi da ta rage ajinta daga kusan 30 zuwa 20 za a ba ta dala 650 a kan kowane yaro. Tenesi makarantu 79 ta gwada. Kalifoniya jiha guda ta ɗauka, mai miliyoyin yara, cikin 'yan makonni kafin a dawo daga hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su ranar suka fafe.

Kowane sabon aji yana son malami da ɗaki. Ɗaki aka samo ta hanyar cinye laburare da ɗakin kiɗa da ɗakin kwamfuta, da jera azuzuwan kwantena a filin wasa. Kin ji amalanken malamin zanenku ke nan. Malamai kuwa dubbai aka nema a lokaci guda. Malaman ƙananan azuzuwa marasa cikakkiyar takardar koyarwa, da ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, cikin shekara biyu suka haura kashi 12. Kuma ba daidai aka raba su ba. Makarantun unguwannin masu hali su ma sun buɗe gurabe, sai ƙwararrun malaman unguwannin talakawa suka tattara suka koma can, inda aiki ya fi sauƙi. Makarantun talakawa suka cike gurbi da duk wanda ya samu, har ta kai kusan malami ɗaya cikin biyar a can ba shi da cikakkiyar takarda. Ɗan talaka ya samu ƙaramin aji, ya rasa gwanar malama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya faru da malamar Mubarak ke nan, ba ƙari ba ragi.

Maman Hanifa (Bronx):
Innalillahi. Wato an san haka na iya faruwa tun 1996, aka kuma sake?

Malam Jibrin (Tenesi):
An sani. Shi ya sa Niyok ta ce kashi 20 cikin 100 na azuzuwa za a riƙa ƙarawa duk shekara maimakon a yi gaba ɗaya, dokar kuma ta ce a fara da makarantun da talauci ya fi yawa. Amma akwai wani ƙulli. A birninku, makarantun da suka fi cunkoso galibi ba na mafi talauci ba ne. Makarantun da suka yi suna, a sassan Queens da Brooklyn da Staten Island, su ne iyaye ke rububi, su ne ajinsu ke cika maƙil. Da yawa daga makarantun Bronx sun riga sun kusa cika sharaɗin tun kafin doka, saboda yara sun ragu, kuma suna samun ƙarin kuɗin tallafin talakawa. To in doka ta ce dole kowane aji ya sauko, ina sababbin gurabe za su fi yawa? Inda aji ya fi cika. Wa zai cike su? Malamin da ya gaji da doguwar tafiya a jirgin ƙasa kullum asuba.

Hajiya Binta (Queens):
To Malam a nan zan ɗan ja da kai, da girmamawa. Ana magana kamar duk wanda ke Queens attajiri ne. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi, dare nake kwana a gidan mutane. Ajin ɗana su 32 ne a aji biyar, wanda shi ne iyakar da yarjejeniyar ƙungiyar malamai ta yarda da ita kafin dokar nan. Rabin ajin 'ya'yan baƙi ne, daga Bangaladash, Ekwado, Sin, kowa da harshensa a gida. Don makarantar tana cin jarrabawa ba shi ke nufin babu yaran da ke nutsewa a cikinta ba. Nawa yana ciki. Shekara guda malamarsa ba ta gane ba ya ganin allo ba, sai da muka je asibiti aka ba shi tabarau.

Malam Jibrin (Tenesi):
Na karɓi gyara Hajiya. Talakan da ke cikin makarantar da ta yi suna shi ne wanda lissafi ya fi mantawa da shi. Abin da nake cewa kawai, in kuɗin bai isa kowa ba, kuma bai taɓa isa ba, wa za a fara ba? Ni dai da za a tambaye ni, ƙananan yara 'yan aji ɗaya zuwa uku a unguwannin da suka fi talauci, a sauke su har ƙasa da 20 ma, a kuma ƙara wa gwanayen malamai albashi don su zauna a can. Ku tuna a STAR 13 zuwa 17 ne ƙaramin aji. Ajin da suka kira na yau da kullum, 22 zuwa 25, bai fi sabon ajin Niyok da yawa ba.

Isufu na Maraɗi (Faransa):
Salamu alaikum. Abin da Malam ya faɗa yanzu, kusan shi aka yi nan Faransa. A 2017 da Macron ya hau, ministansa na ilimi Blanquer ya raba kilas biyu na farkon firamare gida biyu, yara wajen 12 ga mushe guda, wato malami, amma a lakwal, wato makarantu, na unguwannin talakawa kaɗai, waɗanda gwamnati ta ware tun da. Unguwar masu kuɗi ba a taɓa ta ba. Ɗiyata ta shiga ciki. Mushensu ya san kowane yaro har inda yake tuntuɓe a haruffa. Da ma'aikatar ta auna daga baya, an ga ci gaba, amma bai kai yadda aka yi ta shela ba. Kuma da ta wuce zuwa kilas na uku suka koma ashirin da wani abu, sai ka ga kamar an ɗauke wuta.

Abba Ɗan Jami'a:
To ni tambayata, ba a ɗora wa aji laifin da ba nasa ba kuwa? Mun karanta rahoton James Coleman na 1966, wanda gwamnatin Amurka ta sa aka yi a kan yara fiye da 600,000. Abin da ya gano, gidan da yaro ya fito da irin yaran da yake zama da su sun fi kayan makaranta tasiri a sakamakonsa. Yaron da ya zo aji ɗaya an riga an karanta masa littafi ɗari a gida, da wanda bai taɓa riƙe fensir ba, ko su biyu kaɗai ne a aji akwai rata.

Anti Rabi (Kaduna):
Abba ƙanena, Coleman ɗinka bai taɓa tsayawa gaban yara 94 da alli guda ba. Bari in gaya maka yadda ratar take haihuwa a gaban idona.

Aji uku nake koyarwa. Yaran da ke zuwa da wuri su ke samun benci a gaba. Su wa ke zuwa da wuri? Waɗanda ba a aike su talla da safe ba, ba su tsaya layin famfo ba, an ba su koko sun sha. Wadda ta tsaya sai ta sayar da ƙosai ta zo ƙarfe tara, tana can baya a ƙasa kusa da ƙofa, allo ma sai ta miƙe take gani. Ni kuma in na yi tambaya hannuwan gaba nake gani, da su nake tafiya, don manhaja tana bina da bulala. In na ba da aikin aji, minti ɗaya ɗaya kawai in ba kowane littafi ya zama awa ɗaya da rabi. To sai in duba na waɗanda suka kawo, waɗanda ba su kawo ba ban ma san ba su kawo ba. A ƙarshen zango yara goma sha biyar sun iya, ashirin suna lallaɓawa, sauran suna kwafar abin da ke allo kamar zane, ba su san me ya ce ba.

Gidan ne ya fara raba su, na yarda. Amma cunkoson ne ke hana ni ɗinke abin da gida ya yaga. Ɗan mai hali in ban gan shi ba, akwai mai ganinsa da yamma. 'Yar mai ƙosai in ban gan ta ba, shi ke nan.

Malam Habu Tsohon Hedimasta (Kano):
Malama Rabi, Allah Ya yi miki albarka. Kin faɗi abin da na shekara 35 ina gani ban iya tsara shi haka ba. Akwai yaron da na gano bai iya rubuta sunansa ba sai a aji biyar. Shiru ne da shi, ba ya faɗa, ba ya fashi, kullum fes. Irinsu ne aji mai yawa ke haɗiyewa. Mai ƙiriniya ko ba komai ka san sunansa.

Malam Jibrin (Tenesi):
Anti Rabi, abin da kika faɗa shi ne ainihin dalilin da ya sa na baya ya fi amfana a STAR. Amma bari in kawo wani gwaji da ya fi kama da ajinki, don kada a ce sai Turai da Amurka. A yammacin Kenya, bayan an mayar da firamare kyauta a 2003 yara sun yi ambaliya, Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, tare da Pascaline Dupas, sun ba wasu makarantu ƙarin malami don a raba aji ɗaya biyu. Aji ya sauko daga wajen 82 zuwa wajen 44. Yaran da suka rage a hannun malaman gwamnati ba su ƙaru da wani abin kirki ba, don da aka kawo ƙarin hannu sai wasu malaman suka rage shiga aji. Inda aka ga canji shi ne wurin sababbin malaman kwantiragi, da kuma inda aka raba yaran bisa matakin da kowa yake, aka koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya. A nan har na ƙasan sun ɗaga.

Wato in malama za ta yi wa yara 44 irin karatun da take yi wa 82, ta rubuta a allo su maimaita, ragin bai sayi komai ba.

Anti Rabi (Kaduna):
Ka ga nan kuma an dawo kanmu. Kullum malami ne mai laifi. A 2017 haka aka yi mana a jihar nan, aka ba malamai wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000. Ni na tsallake, amma watannin da suka biyo baya azuzuwa uku na haɗa ni kaɗai kafin sababbi su iso.

Malam Habu Tsohon Hedimasta (Kano):
Malama, a nan kam ba zan bi ki ba. Na ga takardun wasu da aka yaɗa a lokacin. Wanda bai iya amsa tambayar ɗan aji huɗu ba, me zai koya wa ɗan aji huɗu? Mu hedimastoci mun san yadda wasu suka shigo, da 'yar takarda daga wani babba.

Anti Rabi (Kaduna):
Baba, ban ce duka gwanaye ba ne. Amma wanda ya ba da 'yar takardar an kore shi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alhaji Ɗanliti (Bronx):
Ai gwamnan nan ni ina ganin...

Shugaban Zaure:
Alhaji dakata. Jama'a a yi haƙuri, dokar zaure tana nan: ba a kawo siyasar jam'iyya. Maganar aji ake yi. Na goge saƙo biyu, masu su sun san kansu.

Alhaji Ɗanliti (Bronx):
Ranka ya daɗe ban ma ƙarasa ba aka yanke ni. To shi ke nan. Tambaya nake da ita ga Malam Jibrin. Fulorida fa? Ƙanena yana Orlando, ya ce su a kundin tsarin mulkin jiha ma aka rubuta.

Malam Jibrin (Tenesi):
Haka ne Alhaji. A 2002 masu zaɓe suka amince da gyaran: 18 a ƙananan azuzuwa, 22 a aji huɗu zuwa takwas, 25 a babbar sakandare. Gwamna Jeb Bush bai so ba saboda tsada, jama'a suka rinjaye shi. An kashe biliyoyin daloli. Wani mai bincike, Matthew Chingos, ya kwatanta gundumomin da dole ta sa suka rage da waɗanda dama suna ƙasa da iyakar, bai ga wani bambanci na a zo a gani ba a sakamakon jarrabawa. Ragin yaro biyu ko uku a aji, a ko'ina, ga kowa, kuɗi ne mai yawa da aka shimfiɗa sirara.

Ga kuma abin da ba a faɗa: in doka ta ce 18, yaro na 19 ya zo a tsakiyar shekara, hedimasta zai yi ta dabara, ya haɗa aji biyu da malamai biyu a ɗaki ɗaya, ko ya tura yaron wani wuri. Lamba tana cika a takarda.

Malam Habu Tsohon Hedimasta (Kano):
Wannan dabarar kam ba sai an koya mana ba. Ranar da masu duba makarantu za su zo, har malaman aro muna da su.

Amma bari in faɗi wani abu tsakani da Allah. A 2019 aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a Kano, a 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk abin so ne. Sai dai kiran yara su zo ya fi gina musu aji sauƙi. Dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin bai-ɗaya, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta ɗauka, kuma shekara da shekaru ana jin kuɗin jihohi da dama na kwance a Abuja ba a je an ɗauka ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Mu ba dokar ƙayyade aji muka rasa ba, 35 ɗin tana nan a rubuce. A nan cikin birni aji ya cika ya batse, ka shiga ƙauye ka tarar da malami ɗaya yana riƙe da makaranta guda, don duk mai uwa a gindin murhu ya nemi a dawo da shi gari. Kin ga malamar Mubarak ba a Niyok kaɗai take ba.

Hajiya Binta (Queens):
Baba wannan magana taka ta ƙarshe ta taɓa ni. Ita ma fa malamar ba za a ga laifinta ba. In ni ce aka ce ga aiki kusa da gida, zan ƙi?

Maman Hanifa (Bronx):
Wallahi ban ga laifinta ba Hajiya, har kati na aika mata. To yanzu ni me zan yi? Ba zan iya komawa Queens ba, ba zan iya gyara dokar da aka yi a Albany, babban birnin jiha, ba.

Malam Jibrin (Tenesi):
Kada ki yanke wa sabuwar hukunci tukuna. Shekarar farko kowa na tangal-tangal, ni ma na yi, amma sabuwar malama da yara 20 ta fi sabuwar malama da yara 30 damar tsayuwa da ƙafarta. Ki nemi ganinta, kada ki jira ranar taron iyaye. Ki tambaye ta abu uku: a wane mataki Hanifa take a karatu, sau nawa a mako take zama da ita a ƙaramin rukuni, kuma wace tsohuwar malama ce ke duba aikinta. In ta amsa na farko ba tare da ta buɗe fayil ba, to ƙaramin ajin yana aiki. Sannan kowace makarantar birninku tana da kwamitin shugabanci da iyaye ke da kujeru a ciki, a nan ake tattauna inda kuɗi za su tafi. Mutanenmu ba sa shiga, sai a yanke a ba mu labari.

Anti Rabi (Kaduna):
Ki ƙara da na huɗu: a ina take zaune. Ko a aji 20 akwai baya.

Abba Ɗan Jami'a:
Anti Rabi a ba ki minista kawai.

Anti Rabi (Kaduna):
A fara biyana kuɗin ƙarin girma na shekara uku tukuna.

Maman Hanifa (Bronx):
Jama'a na dawo da rahoto. Na je yau bayan an tashi. Yarinyar kirki ce, 'yar Jamaika, har ta ɗan tsorata da ta ga na zo da tambayoyi a rubuce. Na farko ta amsa nan take, ta ce Hanifa na karanta kalmomi daidai amma in aka tambaye ta me labarin ya ce sai ta yi shiru, kuma ta lura ta fi magana in su huɗu ne a tebur. Wallahi haka take a gida. Na biyu ta ce sau uku a mako. Na uku ne ta yi ɗan murmushi, ta ce wadda aka ce za ta riƙa duba ta ita ma an ba ta nata ajin, sai a wajen cin abinci suke haɗuwa.

Anti Rabi, kusa da taga take, layi na biyu. Kwamitin kuma an ce akwai zama ranar Talata ƙarfe biyar, ga shi ina da aiki har shida. Hajiya Binta, ko kin san wadda za ta iya karɓar mini awa ɗaya?

Hajiya Binta (Queens):
Turo mini lambar wurin aikin ta akwatin sirri, zan tambayi Maman Yusuf, Talata ba ta fita.